Jarumin da Na Karanta a Baibai

Wanda ya tashi a wannan yanki namu na Birnin Gwari ba sai an koya masa son jarumi ba. Kagara, garin su Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki da ƙanensa Abubakar Imam mai Magana Jari Ce, maƙwabciyarmu ce. In ka bar Birnin Gwari ta hanyar Pandogari, kafin ka kai Tegina sai ka ratsa ta. Mun karanta Ganɗoki muna yara, mun karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da muka tasa kuma muka faɗa littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ake karɓa haya. Daga nan zuwa littattafan zane na Amurka ba nisa. Da farko tsofaffin kwafi ne da muke tsinta wurin masu gwanjon littattafai a Kaduna, wani ba bango, wani an yage masa shafin ƙarshe. Daga baya waya ta zo, sai a tura maka Spider-Man da Batman da Black Panther a memori, haɗe da fina-finan fassara. Har yau ina karanta su, duk sabon da ya fito ina nema, kuma ban ɗauki wannan abin kunya ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda na karanta jarumi ɗaya a baibai, na kuma ɗora yaron da ke ganin girmana a kan wannan karatu. Sunan jarumin Punisher. Kamfanin Marvel ne ke buga shi, Gerry Conway ne ya ƙirƙiro shi tare da masu zane John Romita da Ross Andru, kuma ya fara fitowa a 1974. Sunansa na yanka Frank Castle, tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Vietnam. Wata rana ya kai matarsa da 'ya'yansa biyu shan iska a lambun Central Park na birnin New York, suka yi kiciɓis da 'yan Mafiya suna kashe wani, su kuma don kada a sami shaida suka buɗe musu wuta. Shi kaɗai ya tashi. Shari'a ba ta share masa hawaye ba. Sai ya sa baƙar riga mai farin ƙoƙon kan mutum a ƙirji, ya ɗauki bindiga, ya shiga bin masu laifi ɗaya bayan ɗaya. Ba ya tashi sama, harsashi na huda shi kamar kowa. Inda ya sha bamban da su Batman da Spider-Man shi ne, su in sun kama ɓarawo ɗaure shi suke yi su bar wa 'yan sanda, shi kuwa ba ya barin kowa da rai.

To, ka ɗauki wannan labari ka ajiye shi a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, a shekarar 2018. A watan Maris na shekarar aka kashe sojoji 11 a Kampanin Doka. A watan Mayu aka auka wa Gwaska, aka binne sama da mutum 40. Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999 don giwaye da namun dawa, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, ga shi ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, su shiga nan su ɓulla can. Hanyar Kaduna, wadda ba ta wuce kusan kilomita 120 ba, sai an taru an jira rakiyar jami'an tsaro kafin a bi, kuma in mota ta wuce Udawa ta wuce Buruku lafiya sai ka ji fasinjoji suna hamdala. Manomi a ƙauye ya biya kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. A daidai wannan lokaci fim mai dogon zango na Punisher, wanda Netflix ta saki a Nuwamban 2017, Jon Bernthal na fitowa a matsayin Frank, ya iso wayoyin samari. Yaron da bai iya karanta jimla ɗaya ta Turanci ba ya san wannan ƙoƙon kai, ya kuma san abin da mai shi ke yi wa waɗanda suka kashe masa iyali. A garin da kusan kowane gida ke da wanda aka kashe ko aka sace, ba abin mamaki ba ne a so shi.

A watan Yulin 2019 fitowa ta 13 ta jerin Punisher da Matthew Rosenberg ke rubutawa ta shigo hannuna. A ciki wasu 'yan sandan New York biyu suka ci karo da Frank, ya ji rauni. Maimakon su kama shi, sai suka hau murna, suka nuna masa sitikar ƙoƙon kansa da suka manna a motarsu, suka ce su magoya bayansa ne. Frank ya ɓamɓare sitikar ya yayyaga ta a gabansu. Ya tuna musu cewa sun yi rantsuwar kare doka, shi kuma ya daɗe da barin wannan hanya, in abin koyi suke nema su je wurin jarumi Captain America.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A teburin mai shayi inda muke zama bayan isha'i na ce an lalata jarumin, an sa masa magana a baki. Na ce marubucin da ke zaune a Amurka, wanda in ya buga waya 'yan sanda za su zo kafin ya ajiye ta, ba shi da bakin yi wa mutumin Gwaska wa'azin bin doka. Na san cewa a farkon shekarar shi kansa Gerry Conway ya fito ya nuna damuwarsa kan yadda 'yan sanda da sojoji ke liƙa wannan alama, yana cewa Punisher alama ce ta rushewar shari'a, don haka mai kakin hukuma da ya liƙa ta ya koma gefen mai karya doka ne. Na san alamar ta yi yawo a Iraƙi, a jikin kayan rukunin Chris Kyle wanda aka yi fim ɗin American Sniper a kansa a 2014. Duk na sani, amma na ce tsoro ne kawai ya kama kamfanin. Na rufe zancen da cewa abin da Birnin Gwari ke buƙata shi ne Punisher guda goma. Aka yi ta gyaɗa kai, mai shayi ma ya ce wallahi gaskiya na faɗa.

A cikin masu sauraro akwai ɗan yayata. An sace mahaifinsa a gona, aka sayar da abin da za a iya sayarwa aka haɗa kuɗin fansa, aka kai, daga baya gawarsa aka ɗauko. Yaron bai kai shekara ashirin ba a lokacin. Ya daina ƙwallo, ya daina yawan magana, sai ya riƙa zuwa ɗakina da daddare mu buɗe waya, ina fassara masa abin da ke cikin akwatunan zanen. Ni a ganina lallashinsa nake yi. Wata rana muna kan wani shafi inda Frank ya ritsa wani mugu, mugun ya ɗaga hannu yana roƙo, yaron ya dube ni.

"Kawu, shi ba ya kai su kotu ne?"

"Wace kotu?" na ce masa. "Kai ka taɓa jin an kai wanda ya kashe babanka kotu? Babu kotu, ɗana."

Bai ce komai ba. Da na sami shiga Kaduna na kai hoton ƙoƙon kan wurin masu buga sitika, aka buga mini, na dawo na rarraba wa samarin unguwa. Wasu suka manna a tankin babur, wasu a bayan waya. Da ɗan yayata ya shiga 'yan sa-kai, a gindin bindigar tokarsa ya manna tasa. Mahaifiyarsa ta zo har gida ta same ni, ta ce in yi masa magana ya bari, ita ba ta son ta rasa biyu. Na ce mata ta bar shi, namiji ne, kare gari yake yi.

A ƙarshen 2021 abubuwa suka ƙara tsanani. Gwamnatin Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur, daga ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya har zuwa ƙarshen Nuwamba. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labari. Kowa a gari ya san akwai masu kai musu burodi da katin waya da ƙwaya, akwai kuma infoma da ke nuna gidan da aka sayar da hatsi ko aka aurar da 'ya. Wannan ba ƙage ba ne, an sha kama su, wasu ma 'yan gari ne da ake sallah sahu ɗaya da su. Saboda haka duk wanda aka gani da burodin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, idanu na kansa.

Wata ranar da yamma na ji hayaniya a bakin unguwarmu, na fita. Abin da na fara gani burodi ne warwatse a ƙasa, an tattake wasu, ga ledar sukari ta fashe, ga kwalin ganyen shayi. An ɗaure wani saurayi Bafulatani ta baya, yana kwance a gefensa, hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Yana ta maimaita kalma ɗaya, suna, suna, ba mai saurarensa. Samari sun kewaye shi da gorori, ana cewa a fita da shi bayan gari a gama. Ɗan yayata na tsaye a kansa, bindiga a saɓe, farin ƙoƙon kan yana daidai fuskata. Na tsaya a bayan mutane ban ce uffan ba, domin a raina na riga na yanke cewa in ba shi da laifi me zai kawo shi da wannan burodi. Mai unguwarmu ne, dattijo da ke dogara sanda, ya kutsa ya tsaya a tsakaninsu da shi.

"Duk wanda zai ƙara taɓa shi ya fara da ni. A kai shi wurin hukuma."

Sai da aka ɗaga shi zaune, wani ya zuba masa ruwa a fuska, sannan na gane shi. Mahaifiyarsa ce ke kawo mana nono tun muna yara, shi kuma na san shi tun tana goya shi a baya tana auna wa innarmu da ludayi. A lokacin na buɗe baki na ce na san shi, na san uwarsa. Da na matso tun farko na duba fuskarsa, da wataƙila an rage masa wasu gororin. Aka kai shi ofishin 'yan sanda. Ardonsu ya zo ya ba da shaida, aka kuma tabbatar matarsa ce ta haihu, washegari suna, kasuwa a rufe, shi ya sa ya tako da ƙafa ya shigo gari ya sayi kayan shayin baƙi a shago. Aka sake shi. Karaya biyu ce a hannun, mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun bai koma daidai ba.

Da daddare na kira ɗan yayata ɗakina, na hau shi da faɗa. Na ce wane irin rashin imani ne a kama mutum ba bincike, ba shaida, a nemi ransa. Ya bari na gama, kansa a sunkuye, sannan ya ɗago.

"Kawu, ai kai ka ce babu kotu."

Ban sami amsa ba. Ba zan ce sitika ce ta karya hannun bawan Allah nan ba. Baƙin cikin mahaifi na nan, tsoro na nan, gazawar hukuma na nan, kuma ko da ban taɓa buɗe littafin zane ba da an yi 'yan sa-kai a Birnin Gwari. Amma yaro ya zo mini da tambaya, alamar zuciyarsa ba ta gama yarda ba, ni kuma na kashe tambayar. Uwarsa ta nemi in ja shi baya, na tura shi gaba. Wannan kason nawa ne, ba wanda zai ɗauke mini shi.

Da yake babu layin waya a waɗannan makonni, ba sabon abin da zan sauke, sai na koma kan tsofaffin da ke cikin memori. Na buɗe fitowa ta 129 ta The Amazing Spider-Man, inda Punisher ya fara bayyana, wadda na sha wucewa ina kallon zane kawai. Abin da ke ciki ya sa jikina ya yi sanyi. A ranar farko da aka nuna wa duniya wannan mutum, farautar marar laifi yake yi. Wani mugu mai suna Jackal ne ya ruɗe shi, ya sa ya yarda cewa Spider-Man mai kisan kai ne, shi kuma ya ɗauki bindiga ya bi shi da niyyar kashewa. Wato tun daga shafin farko wanda ya ƙirƙiro shi ya nuna raunin wannan hanya: mutumin da ya haɗa aikin ɗan sanda da na alƙali da na hauni a hannunsa, duk wanda ya iya raɗa masa ƙarya a kunne ya mallaki bindigarsa. Mu da muka san yadda ake amfani da kalmar infoma a huce haushin rikicin gona ko na bashi ko na neman aure, ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan.

Na buɗe Civil War na 2006 zuwa 2007, wanda Mark Millar ya rubuta. A ciki wasu masu laifi biyu, Goldbug da Plunderer, suka zo da ƙafarsu maɓoyar Captain America suna neman a karɓe su. Punisher ya harbe su nan take, ba tambaya. Captain America ya yi masa dukan kawo wuƙa ya sa aka fitar da shi. Da can in na zo wannan wuri Captain nake jin haushi. Ashe fitowar 2019 da na yi ta zagi ba sabon abu ta kawo ba, abin da ake faɗa tun 1974 ta maimaita, ni ne dai na toshe kunne.

Amma babban abin da na gano yana cikin yadda ake gina labarin zane ne. Shafi gida-gida yake. Kafin Frank ya harbi mutum a gida na shida, mai zane ya riga ya nuna maka a gida na biyu mutumin yana sayar da yarinya ko yana yanka wani. Da idonka ka gani. Kai mai karatu an mai da kai shaidar gani da ido, shi ya sa in harsashi ya tashi ba ka jin komai sai sanyi a rai. Marubuci na tsaye a bayan jaruminsa yana kare shi daga kuskure: in yaro zai gitta sai a sa ya tsaya, in an yi masa ƙarya sai a sa ya gano kafin ya danna kunama. Ko a wancan labarin na 1974 Spider-Man ya tsira ne don marubuci ba zai bari a kashe shi ba. Daɗin da nake ji a Punisher ashe daga wannan tabbaci yake fitowa, tabbacin da takarda kaɗai ke iya bayarwa. A bakin unguwarmu ba wanda ya zana mana gida na biyu. Burodi muka gani da fuskar Bafulatani, sauran kowa ya cike da abin da ke ransa.

Ba na son a fahimce ni a karkace game da 'yan sa-kai da 'yan banga. Na san waɗanda suka kwana a bakin gari da bindigar toka suna fuskantar masu AK-47, na halarci jana'izar wasunsu. Akwai ƙauyukan da ba don su ba da tuni sun zama kufai. Wanda ya tsaya ya kare gidansa lokacin da aka kawo hari, addini da hankali duk sun ba shi wannan. Inda abin ke ɓaci shi ne bayan ƙura ta lafa, a tare mutum a kasuwa ko a hanya, a dubi kamanninsa ko harshensa a yanke masa hukunci. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a laccar da ya gabatar a Sakkwato a 2021 kan tarihin ta'addancin daji a Zamfara, ya nuna yadda kashe Fulani ba shari'a ya taimaka wajen tura wasu daji da hura wutar ramuwa. A watan Oktoban shekarar, kusan lokacin da abin unguwarmu ya faru, 'yan sa-kai suka kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, kafin watan ya ƙare 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe sama da 40. Waɗanda suka mutu a Goronyo ba su ne suka je Mamande ba.

In kuma wani na ganin wannan matsalar Fulani ce kawai, ya tuna Uromi. A ƙarshen Maris 2025 'yan banga a jihar Edo suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano yin Sallah, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Mutanen Uromi ma sun sha wuyar masu satar mutane, su ma sun gaji da jiran hukuma, su ma sun tabbata a ransu cewa sun kama masu laifi. Duk hujjar da na kawo a teburin mai shayi, in ka juya ta zuwa harshensu, ita ce tasu. Ko hukuma mai jirgi da na'ura ba ta tsira daga wannan ba: ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, sama da mutum 80 suka rasu. In mai kallo daga sama da kyamara zai yi irin wannan kuskure, ina ga yaro mai tocila da zuciya cike da baƙin ciki?

Na je rugarsu tare da ɗan yayata da wani dattijo, muka kai abin da ya sawwaƙa na kuɗin magani. Ban ɓoye wa mahaifiyar komai ba, na ce mata ina wurin, na yi shiru. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Innarku ba ta taɓa mayar mini da nono ba. Allah Ya isar wa kowa." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙon ta faɗa ba. Kafin damina suka tashi daga wurin. Ɗan yayata ya kankare sitikar da wuƙa, bayan wani lokaci kuma ya ajiye bindigar ya koma gonar mahaifinsa. Sauran sitikun da na raba, waɗanda na iya bi na bi na roƙa a cire, wasu sun cire, wasu sun ce ai ado ne.

Da Marvel ta fito da sabon jerin Punisher a Maris 2022, wanda Jason Aaron ya rubuta, aka canja ƙoƙon kan aka yi masa ƙahoni, masoya da yawa a duniya suka yi ta ƙorafi irin wanda na yi a 2019. Ni wannan karon na bi shi a hankali har ƙarshensa a 2023. An dawo da Maria, matar Frank, duniya, ta ga tarin gawawwakin da aka zubar da sunanta da na 'ya'yanta, ta ƙi karɓa, ta juya masa baya. Labarin yana da rauninsa, shigo da ƙungiyar matsafa ta Hand cikin rayuwar Frank bai zauna mini ba har yanzu. Amma wannan tambaya da ya ɗora ta cancanci a yi ta a nan: shin mamacin da ake cewa ana rama wa, an tambaye shi? Mijin yayata mutum ne da ko akuyar maƙwabci ta shiga gonarsa korarta yake yi da hannu. Ban yi tsammanin zai so a karya hannun angon ƙarni da sunansa ba.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makami, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Motoci sun dawo hanya, manoma da yawa sun koma gonakin da suka bari. Ina cikin masu murna, ina kuma cikin waɗanda ke jin ɗaci in sun ga wanda ake zargi da jini yana ciniki a kara, marayu na kallo. Sulhun da bai zo da shari'a da diyya ba yana barin ramin da wani Frank Castle zai fito daga ciki, kuma yaran da aka kashe iyayensu a 2018 yanzu sun zama magidanta.

Masu zane na ƙasar nan sun fara ba mu jarumai namu. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013 da jaruminsa Guardian Prime, Roye Okupe ya yi Malika wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau, Nnedi Okorafor ta rubuta wa Marvel wata yarinya 'yar Legas mai suna Ngozi a 2017. Ba shakka wata rana wani yaro a Kano ko Zariya ko nan Magajin Gari zai zana jarumin da ya shiga dajin Kamuku, da Hausa, kuma zan kasance cikin masu fara saye. Roƙona gare shi, ya zana mana har da shafin da aka kai wa jarumin labarin ƙarya, ya nuna mana fuskar wanda aka kama bisa kuskure da uwar da ke jiransa a gida, kada ya kare jaruminsa daga abin da ba a kare yaranmu daga gare shi ba.

Ku kuma samarin da ke tsaron unguwanni, Allah Ya saka muku, amma in kun kama mutum ku miƙa shi da ransa da gaɓoɓinsa cikakku. Hukuma kuwa, in an miƙa mata, ta gurfanar da shi, a ji shaidu, a faɗi hukunci a fili yadda mutanen garin da aka kama shi za su ji, in mai laifi ne a san an ɗaure shi, in ba shi da laifi a san dalilin sakinsa. Muddin za a kama mutum yau a gan shi a kasuwa jibi ba wanda ya yi wa kowa bayani, za a ci gaba da samun kawun da zai ce wa ɗan 'yar'uwarsa babu kotu, kuma yaron zai yarda.